Idon Na'ura a Babbar Kasuwa: Wa Ya Dace Ya Ga Abin da Ta Gani?

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2021 gobara ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina, ta cinye shaguna masu yawa tare da dukiyar da ke cikinsu. Duk lokacin da irin wannan masifa ta auka wa wata kasuwa, akan ji mutane suna cewa da ma akwai idon da ba ya barci, wanda zai hango hayaƙi tun bai zama harshen wuta ba. To, irin wannan ido ya samu a yau. Akwai kyamarorin da ake haɗawa da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ta yadda na'urar za ta dubi hoto da kanta ta ce ga mutum, ga babur, ga mota, ba tare da wani ɗan'adam ya zauna yana kallo ba.

Wannan darasi zai yi bayanin yadda na'urar ke aiki, sa'an nan ya tsaya a kan tambayar da aka fi mantawa da ita a lokacin saye da kafawa: idan na'ura ta gani ta rubuta, wa aka yarda ya karanta? Za a ɗauki Babbar Kasuwa a matsayin misali, domin wuri ne da kuɗi da kaya da jama'a ke haɗuwa kullum, har da fatake masu zuwa daga Maraɗi ta hanyar Jibiya.

Daga idon kyanwa zuwa idon na'ura

Asalin wannan fasaha yana cikin ilimin halittu. A bayan idon ɗan'adam akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyin karɓar haske kimanin miliyan 100, amma jijiyar da ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa zarurrukanta ba su wuce kimanin miliyan 1 ba. Ke nan tun daga cikin ido ake fara tace abin da aka gani, a taƙaita shi kafin a aika da shi gaba.

A shekarar 1959 wasu masana biyu masu bincike a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi a kan ƙwaƙwalwar kyanwa. Sun gano cewa akwai ƙwayoyin jijiya da ba sa motsawa sai an nuna wa kyanwa layi a tsaye, wasu sai layi a kwance, wasu kuma sai layi a karkace. Daga waɗannan ƙananan saƙonni ne ƙwayoyin da ke gaba suke haɗa siffa, har a kai ga gane abu sukutum. Wannan aiki ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1981.

Masana lissafi da injiniyoyi suka kwaikwayi wannan tsari na hawa-hawa. A 1980 Kunihiko Fukushima na ƙasar Japan ya bayyana wata manhaja da aka gina bisa wannan tunani. A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto a Kanada suka horar da irin wannan manhaja da hotuna kimanin miliyan 1.2, ta shiga gasar gane hotuna ta duniya ta zo ta ɗaya da kuskuren kashi 15.3 cikin 100, alhali mai bi mata tana da kashi 26.2. Ba a rubuta wa manhajar cewa babur yana da ƙafa biyu ba. An yi ta nuna mata misalai ne ana gyara mata kuskure har ta ƙware. Wannan shi ake kira koyon na'ura. A 2015 kuma Joseph Redmon da abokan aikinsa suka fito da manhajar YOLO, wadda ke iya duba hotuna 45 cikin daƙiƙa ɗaya, ta zana wa kowane abu da ta tsinto akwati, ta kuma faɗi sunansa.

Me na'urar take fitarwa?

A ƙaddara an kafa kyamarori 40 a ƙofofi da layukan Babbar Kasuwa, kowace tana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa ɗaya. A cikin sa'o'i 12 akwai daƙiƙa 43,200, saboda haka kyamara ɗaya za ta tara hotuna 1,080,000, arba'in ɗin kuwa za su tara 43,200,000 a yini guda. Babu mai gadin da zai iya kallon wannan tuli, kuma wannan yawa shi kansa wata irin sutura ce: wanda aka ɗauka ya ɓace cikin taro.

Manhajar tsinto abubuwa tana yaye wannan sutura. Abin da take fitarwa jerin layuka ne gajeru, kowane layi yana ɗauke da abubuwa huɗu ko biyar. Alal misali: kyamara ta 7, ƙarfe 5:42 na yamma, babur, gefen hagu na hoto, tabbaci kashi 91 cikin 100. Idan an ƙara mata manhajar karanta lambar abin hawa, sai layin ya zo da lambar babur ɗin. Idan an ƙara mata ta gane fuska, sai ya zo da sunan mai shi. Wannan jeri shi ake nufi da sakamako a cikin wannan darasi, kuma ana iya bincika shi cikin ƙiftawar ido. Mai riƙe da shi zai iya tambayar na'ura ta nuna masa duk lokacin da mota kaza ta shiga kasuwa cikin wata uku, ta ba shi amsa kafin ya kurɓi shayi.

Haɗari iri biyu

Haɗari na farko yana zuwa ne idan na'ura ta faɗi gaskiya. Layi ɗaya ba ya nuna komai, amma layuka 90 na kwana 90 za su nuna wane shago ne tirela ke sauke wa kaya, wane ɗan kasuwa ne ke fita da jaka kowace Alhamis bayan la'asar, ta wace ƙofa yake bi, kuma shi kaɗai ne ko da rakiya. Mutanen Jihar Katsina sun san darajar irin wannan bayani a wurin miyagu. A watan Satumba na 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, kuma daga cikin dalilan da aka bayar har da raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Abin da mai kai rahoto zai yi makonni yana leƙe kafin ya tattara, na'ura ta riga ta jera shi tsaf, kuma ba a banza Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari ba.

Haɗari na biyu yana zuwa ne idan na'ura ta yi kuskure. Yawancin manhajojin da ake samu kyauta an horar da su ne da wani rumbun hotuna mai suna COCO, wanda aka fitar a 2014, mai nau'o'in abubuwa 80. A cikinsu akwai saniya da tunkiya da doki, har da raƙumin dawa, amma babu akuya, babu jaki, babu raƙumi, babu baro, babu keke napep, babu ma wuta ko hayaƙi. Sai an sake horar da manhajar da hotunan gida kafin ta san waɗannan. Kafin nan tana iya kiran jaki doki. Haka kuma a 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajoji uku na manyan kamfanoni masu bambanta fuskar namiji da ta mace, suka tarar kuskurensu ya kai kashi 34.7 cikin 100 a kan mata baƙaƙe, alhali a kan maza farare bai wuce kashi 0.8 ba.

A ƙaddara na'ura tana kuskure sau 1 kacal cikin 100, kuma mutum 20,000 suka gifta ta gabanta a yini. Mutum 200 ke nan za ta yi wa ƙage. Idan sakamako mai cewa an ga wuƙa a hannun wani ya faɗa cikin wata ƙungiyar WhatsApp ta mutum ɗaruruwa, a kasuwar da ke da mahauta da masu sayar da wuƙaƙe, kowa ya san abin da ihun ɓarawo ke iya jawowa kafin jami'an tsaro su iso.

Abin da ya faru a wasu wurare

A cikin watan da aka yi gobarar Katsina, wato Maris 2021, wasu masu kutse suka shiga rumbun kamfanin Verkada na Amurka, mai sayar da kyamarorin tsaro. Ba su fasa komai ba. Sun tsinci suna da kalmar sirri na wani babban asusu ne da aka bari a fili a intanet. Wannan mabuɗi ɗaya ya ba su damar isa ga kyamarori kimanin 150,000, har da na asibitoci da makarantu da gidajen yari.

A watan Mayu na 2023 kuma hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanin Ring da cewa ya bar ma'aikatansa suna iya buɗe bidiyon kowane mai hulɗa da shi. A cewar hukumar, a 2017 wani ma'aikaci ya yi watanni yana kallon dubban bidiyo na mata a ɗakunan kwanansu da makewayinsu, sai da wani abokin aikinsa ya lura sa'an nan aka tsayar da shi. Kamfanin bai iya sanin ko mutum nawa suka aikata irin haka ba, domin ba ya ajiye rajistar masu buɗewa. Ya amince ya biya dala miliyan 5.8.

A duka wuraren biyu kyamarori suna aiki lafiya ƙalau. Ɓarakar tana wajen rabon mabuɗi ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi kansa Redmon ya sanar a 2020 cewa ya daina bincike a wannan fanni, saboda yadda ake amfani da shi a aikin soja da kuma keta sirrin mutane.

Darasi daga jiki da kuma daga gida

Ɗaliban ilimin halittu sun san cewa kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani tantani wanda kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 100,000 na milimita ba. Wannan tantani yana da ƙofofi iri-iri, kowace da abin da take bari ya wuce: akwai ta sukari, akwai ta gishiri, akwai ta ruwa. Idan ya lalace har komai ya shiga ya fita yadda ya ga dama, ƙwayar ta mutu. Ƙwaƙwalwa kuwa tsaronta ya fi na sauran gaɓoɓi. A shekarun 1880 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya zuba rini a cikin jinin dabbobi, ya tarar gaɓoɓin jiki sun rine amma ƙwaƙwalwa ba ta rine ba. Daga baya aka gane cewa akwai shinge na musamman tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Wato gwargwadon muhimmancin wuri, gwargwadon tsananin ƙofarsa.

Maginan Hausa sun daɗe da sanin wannan. Mai talla yana tsayawa a ƙofar gida, baƙo ya yi sallama a karɓe shi a zaure, aminin maigida ya kai shigifa, 'yan'uwa su shiga tsakar gida, ƙuryar ɗaki kuwa sai masu ɗaki. Ba a wulaƙanta kowa ba, kowa dai ya tsaya inda buƙatarsa ta ƙare. A 1975 masana kwamfuta biyu, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka rubuta wannan a matsayin ƙa'ida: a ba kowane ma'aikaci da kowace manhaja mafi ƙarancin izinin da zai ishe su gudanar da aikinsu. A 1992 David Ferraiolo da Richard Kuhn na cibiyar ma'aunai da fasaha ta Amurka suka tsara yadda za a rataya izini a kan muƙami maimakon mutum. Idan mai gadi ya bar aiki, sai a zare sunansa daga muƙamin, duk ƙofofin da yake buɗewa su rufe masa lokaci guda.

Tambayoyi huɗu

Kowane tsari nagari na kula da sakamako yana amsa tambayoyi huɗu.

1. Wane ne kai? Kowane ma'aikaci ya mallaki asusunsa da kalmar sirrinsa, a ƙara da lambar da ake aiko masa ta waya. Kalmar sirri ɗaya da aka liƙa a bangon ofis daidai take da ƙofar da ba ta da ƙyaure.

2. Me aka yarda ka gani? Ana iyakance izini ta fuskar wuri, da lokaci, da nau'in abu, da kuma zurfin bayani.

3. Me ka duba? Na'ura ta rubuta sunan duk wanda ya buɗe, da lokacin, da abin da ya nema, a rajistar da shi ba zai iya gogewa ba, kuma a sa wani daban ya riƙa bitar ta.

4. Har yaushe za a ajiye? A sa wa'adi, misali kwana 30, na'ura ta goge da kanta. Abin da aka riga aka goge ba ya satuwa.

Yadda za a raba izini a kasuwa

Idan aka ɗora tsarin gida a kan misalin Babbar Kasuwa, za a sami hawa biyar.

Ƙofar gida ta jama'a ce. Abin da ya dace su gani shi ne ƙidaya kawai, kamar a ce ƙofa kaza ta cika da cunkoso, a bi ta wata.

Zaure na masu gadi ne da 'yan kwana-kwana. Su sami ƙararrawa nan take mai cewa an ga hayaƙi a layi kaza, ko an ga motsin mutum bayan an rufe kasuwa, tare da hoton wannan lokaci kaɗai. Ba su da buƙatar komawa su binciki tarihin makon jiya.

Shigifa ta mai shago ce. Ya ga abin da ya shafi ƙofar shagonsa, a dusashe fuskokin masu wucewa, kada ya ga buhu nawa aka sauke wa maƙwabcinsa, domin wannan sirrin ciniki ne.

Tsakar gida ta shugabannin kasuwa ce. Su karɓi rahoton mako a dunƙule: motoci nawa suka shiga, wace sa'a ce ta fi cunkoso, wane layi ne motar kashe gobara ba za ta iya ratsawa ba. Wannan ya ishe su yanke shawara ba tare da sunan kowa ba.

Ƙuryar ɗaki ita ce cikakken rumbu mai lambobin abin hawa da fuskoki. Kada ya buɗu sai da mabuɗi biyu na mutum biyu, bisa rubutacciyar buƙata da ta ambaci laifin da ake bincike da ranar da ya faru, kuma a fitar da abin da ya shafi wannan rana kaɗai. Injiniyan da ke gyara kuwa a ba shi mabuɗin aro mai mutuwa da kansa bayan sa'o'i kaɗan.

Kowane hawa da aka ƙara yana rage sauri, kuma gobara ba ta jiran sa hannu. Saboda haka akan tanadi ƙofar gaggawa wadda babban mai gadi zai iya buɗewa shi kaɗai, amma da ya buɗe sai na'ura ta sanar da shugabanni, washegari kuma ya zo ya yi bayani.

Me doka ta ce?

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa haƙƙin sirrinsu da na gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu ta waya. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. Dokar ta ce a tattara bayanan mutum don wata manufa bayyananniya, kada a wuce gwargwadon buƙata, kada kuma a ajiye fiye da lokacin da ya kamata. Ta sa bayanan siffar jiki da ake gane mutum da su cikin rukunin da ke buƙatar kulawa ta musamman. Ta ba mutum haƙƙin ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa idan zai yi masa babban tasiri. Idan kuma bayanai suka zube ta yadda za su iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Manyan masu riƙe da bayanai da suka saɓa ana iya cin su tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Kammalawa

Na'urar tsinto abubuwa za ta iya ceton dukiya da rayuka a kasuwa, kuma ita ɗin ce za ta iya miƙa ɗan kasuwa ga masu neman sa. Bambancin yana ga wanda ke riƙe da mabuɗi da iyakar inda mabuɗin ke kaiwa. Don haka ya kamata a rubuta jadawalin izini tun kafin a ɗaura kyamarar farko, a kuma karanta shi a gaban 'yan kasuwar da za a riƙa ɗauka, su san wanda ke ganin su da wanda za su kai wa ƙara.

Aikin aji

1. Kyamara tana ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa. Hotuna nawa kyamarori 12 za su tara cikin sa'o'i 10?

2. Kwatanta tantanin ƙwayar halitta da zauren gida. Ta ina suka yi kama, ta ina suka bambanta?

3. Malami ya raba aji gida biyar bisa hawa biyar da aka ambata. Ya rubuta layukan sakamako 20 na ƙage a kan katuna, kowane rukuni ya zaɓi katunan da aikinsa ke buƙata, ya kare zaɓinsa a gaban sauran.

4. A ƙaddara za a kafa irin wannan na'ura a ƙofar makaranta. Ɗalibai su zana jadawalin abin da shugaban makaranta da mai gadi da malamin aji da iyaye za su iya gani, da tsawon lokacin da za a ajiye kowane bayani.